Ladi Kwali: Maginiyar da tulunta ya zama adon gidan sarki

Duk wanda ya taɓa karɓar canjin naira 20 a kasuwa ya riƙe hotonta a hannunsa. A gaban takardar akwai marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, a bayanta kuma wata mata ce ta duƙufa a kan tukunyar da take ginawa. Sunanta na rubuce a wurin: Ladi Kwali. Tun shekarar 2007 da Babban Bankin Najeriya ya fito da wannan samfurin takarda, ita ce mace ɗaya tilo da aka rubuta sunanta a jikin kuɗin ƙasar nan.

Mutane da yawa sun san fuskar, amma kaɗan ne suka san labarin. Matar nan ba ta yi karatun boko ba, ba ta riƙe sarauta ko muƙamin siyasa ba. Yumɓu ta iya sarrafawa. Silar fitowarta duniya kuwa wani abu ne da za a iya rainawa: wani sarki ya ga tukwanenta sun burge shi, ya mallaki wasu daga ciki, ya ajiye su a gidansa don ado.

Tasowarta a ƙasar Gwari

An haifi Hadiza Ladi Kwali wajen shekarar 1925 a garin Kwali da ke ƙasar Gwari, mutanen da ke kiran kansu Gbagyi ko Gbari. A yau Kwali na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja. A wancan zamani kuwa ƙauyen manoma ne. Ladi suna ne da Hausawa ke kiran 'yar da aka haifa ranar Lahadi, abin da ke nuna irin cuɗanyar da ta daɗe tsakanin Gwarawa da Hausawa a yankin.

A wasu sassan ƙasar Hausa maza ma na ginin tukwane, amma a ƙasar Gwari sana'ar mata ce. Yarinya kan taso ta tarar da iyayenta mata suna yi, ta fara da ɗebo yumɓu da itace, kafin a bar ta ta taɓa bakin tukunya. Haka Ladi ta koya tun tana ƙarama a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Abin da suke ginawa shi ne abin da gida ke buƙata: randa da tulu na ruwa, tukunyar tuwo da ta miya, kasko da ƙananan mazubai.

Yadda Gwarawa ke gini ya bambanta da yadda ake nunawa a finafinai, inda magini ke zaune faifai na juya masa tukunya. A nan tukunyar ce ke zaune wuri guda, maginiya ke zagaya ta. Za ta ɗora curin yumɓu, ta huda tsakiyarsa da hannu, ta riƙa jan gefensa sama tana tafiya a kewaye da shi a sunkuye. Idan yumɓun ya ƙare sai ta murza wani ya yi tsawo kamar igiya, ta ɗora a baki, ta shafe mahaɗar da yatsu, ta daddaɓe jikin da ɗan katako har cikin tukunyar ya buɗe. Babu ma'auni, babu inji. Ido da tafin hannu ne ke daidaita komai. Tun tana budurwa aka shaidi Ladi da cewa tulunta kan fito zagayayye sumul, bakinsa daidai da cikinsa, ba ya karkata ko ta ina.

Zanen da ya zama shaidarta

Bayan gini sai ado. Kafin yumɓu ya bushe sosai, Ladi kan ɗauki wani siririn abu mai kaifi ta raba jikin tulun gida-gida da layuka, daga wuya zuwa ciki. A cikin kowane gida sai ta zana wata halitta da duk ɗan ƙauye ya sani: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi ko tsuntsu. Tsakanin gidajen kuma takan mirgina murɗaɗɗen zare ko ɗan itace mai tsage-tsage a kan ɗanyen yumɓu, ya bar sawu mai kama da saƙa.

Ba ta ƙoƙarin ta kwaikwayi dabbar kamar hoto. Takan shimfiɗe ta ne ta cika gidan da aka ba ta, ta cike jikinta da ƙananan layuka a jere, har kada ya koma kamar zanen tabarma, amma duk wanda ya kalla ya san kada ne. Wannan salon gadon Gwarawa ne, sai dai nata hannun ya fita daban wajen tsafta da daidaito. Wanda ya saba da aikinta kan gane shi tun daga nesa.

Idan tukwane sun bushe sai a tara su a fili, a lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa a cinna wuta. Wannan gashin ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma ba ya toshe ƙananan ƙofofin da ke jikin yumɓu. Shi ya sa randa ke tsatsafo, iska ta bugi danshin da ke bayanta, ruwan ciki ya yi sanyi. Mai karatu ya riƙe wannan bayani, domin zai dawo a gaba.

Sarkin da ya san darajar abin gida

Garin da ake kira Suleja a yau shi ne Abuja ta asali. Zuriyar sarakunan Hausa na Zazzau ne suka kafa shi bayan jihadi ya fitar da Sarki Muhammadu Makau daga Zariya. Ɗan'uwansa Abu Ja ne ya kafa garin a 1828, aka kuma sa masa sunansa. A 1944 sarautar ta faɗo kan Alhaji Sulaimanu Barau, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina kuma tsohon malamin makaranta.

A wancan lokaci, abin da ke nuna isar babban mutum a cikin gidansa shi ne kayan da suka tsallako teku: agogon bango, madubi, darduma da tangaran. A Kano da Zariya har farantai ake mannawa a rufin soro don ƙawa. Tukunyar ƙasa kuwa wurinta madafa ko gindin bishiya a tsakar gida, ba a kai ta inda baƙi ke zama. Sarki Sulaimanu Barau ya ga abin da wasu ba su gani ba. Ya tara tukwanen maginan ƙasarsa, cikinsu har da na Ladi Kwali, ya ba su wuri a gidansa.

A 1950 wani Bature mai suna Michael Cardew ya ziyarci sarkin. Cardew, wanda aka haifa a 1901, sanannen maginin tangaran ne a Ingila. Ya koyi aiki a hannun Bernard Leach, ya kuma yi shekaru yana gwada sa'arsa a ƙasar Gana ta yanzu, kafin gwamnatin mulkin mallaka ta Najeriya ta ɗauke shi jami'in kula da ginin tukwane. Aikinsa na farko shi ne ya zagaya ƙasa ya ga irin yumɓun da ake da shi da yadda mutane ke gini. A gidan Sarkin Abuja ya yi arba da tukwanen Ladi, kuma ba su fita daga ransa ba.

Da aka zo zaɓar inda za a kafa cibiyar koyar da ginin tukwane na zamani a Arewa, sai aka tsayar da Abuja. Akwai yumɓu mai kyau, akwai ruwa da itacen wuta, ga kuma sarki mai goyon baya. An buɗe cibiyar a 1952, kuma ɗalibanta na farko duk maza ne. A watan Disambar 1954 Ladi Kwali ta shiga, ta zama mace ta farko a wurin.

Ɗakin Gwari

Ta zo ne tana gwanar sana'arta, amma ta zauna ta koyi sabuwa. Ta koyi gini a kan faifan da ake juyawa da ƙafa. Ta koyi haɗa ruwan ƙyallin da ake tsoma kaya a ciki kafin gashi, da jera su a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200. Ta riƙa yin farantai, kwanuka, kofuna da butoci. A kan waɗannan ma ba ta bar zanenta ba: takan tsoma kwano cikin ruwan jar ƙasa ko farar ƙasa, sannan ta karce hoton kifi ko ƙadangare da ƙayar beguwa, launin da ke ƙasa ya bayyana.

Ana buga wa kayan cibiyar hatimi mai ɗauke da sunan Abuja da rubutun ajami, kowane magini kuma da tasa alamar. Tata haruffa biyu ne, LK. Har gobe da waɗannan alamomi biyu masu tara kayan tarihi ke tantance aikinta.

Shigarta ta buɗe wa wasu mata ƙofa. Halima Audu ta biyo bayanta, sannan Asibi Ido, Kande Ushafa da Lami Toto. Suna da ɗakin aikinsu da suke kira Ɗakin Gwari, inda suke ajiye faifan juyi a gefe su gina manyan tuluna da hannu kamar yadda suka gada.

A wannan ɗaki ne aka samu abin da ya fi ɗaukaka sunan Ladi. Takan gina tulu da siffarsa ta gargajiya, amma da yumɓun da aka haɗa don ya jure wutar tanderu. Ta zana halittunta, a cike tsagin zanen da farar ƙasa, a lulluɓe tulun da ruwan ƙyalli, a gasa. Idan ya fito sai ka ga jikinsa ya yi duhu yana sheƙi, kada da hawainiya suna leƙowa ta ƙarƙashin ƙyallin kamar ana hango su a cikin ruwa.

Tulun da ya daina sanyaya ruwa

Kyan ya zo da farashinsa. Wutar tanderu da ruwan ƙyalli sun toshe ƙofofin da ke jikin yumɓu, don haka sabon tulun ba ya tsatsafo, ba ya sanyaya ruwa. Ya kuma yi nauyin da mace ba za ta saɓa shi a kafaɗa zuwa rafi ba, kamar yadda matan Gwari ke ɗaukar kaya. Kuɗinsa ma ya fi ƙarfin mutanen ƙauyen da suka ƙirƙiro siffarsa. Tulun Ladi ya tashi daga kayan aiki ya koma abin kallo, wanda ake ɗorawa a kan teburi a falo ko a bayan gilashi a gidan tarihi.

Ita kanta cibiyar haka ta kasance. An kafa ta ne da niyyar samar wa gidajen 'yan Najeriya farantai da kofuna na gida, a rage dogaro da na waje. Sai dai kwanon sha da ake shigowa da shi ya fi araha, ya fi sauƙin ɗauka, kuma ba ya fashewa idan ya faɗi. Waɗanda suka fi sayen kayan Abuja su ne Turawa ma'aikata, manyan jami'an gwamnati da masu sha'awar kayan fasaha a ƙetare.

Masana na kallon wannan ta fuska biyu. Wasu na ganin an raba tulun da rayuwar da ta haife shi, an mayar da shi abin da Bature ke so. Wasu kuma na ganin ba don wannan sauyi ba, da tukwanen Ladi sun farfashe a bakin rijiya kamar na dubban gwanayen mata da suka shuɗe ba wanda ya san sunansu. Ko ta wace fuska aka duba, siffar tulun da zanen da ke jikinsa nata ne da na iyayenta. Ba a makarantar Cardew ta koye su ba, da su ta zo.

Daga Landan zuwa Zariya

An baje kolin kayan Abuja a wani gidan nuna kayan fasaha mai suna Berkeley Galleries da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962, kuma aikin Ladi ne ya fi jan hankalin masu kallo. A farkon shekarun 1960 ta je Ingila da kanta, ta riƙa gini a gaban ɗalibai da malaman makarantun fasaha. Ta yi irin wannan a Faransa da Jamus. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew. A ko'ina abin da ke ɗaure wa mutane kai ɗaya ne: mace ta tsaya da curin yumɓu, ba inji ba ma'auni, ta yi ta zagaya shi har katon tulu ya miƙe a gabansu.

A 1963 Birtaniya ta ba ta lambar girmamawa ta MBE. Cardew ya bar Abuja a 1965, Michael O'Brien ya karɓi ragamar cibiyar, ita kuwa ta ci gaba da aikinta da koyar da na baya. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, matar da ba ta taɓa zama a aji ba. A 1980 ta samu lambar NNOM, wadda ita ce mafi girma da Najeriya ke bayarwa kan ilimi da fasaha, sai kuma lambar OON a 1981.

A cikin waɗannan shekaru ƙasar da ta taso a cikinta ta sauya. A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas zuwa tsakiyar Najeriya. Sabon birnin ya karɓe sunan Abuja, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Kwali kuma ta faɗa cikin yankin sabon birnin. Ashe mutanen biyu da ke gaba da bayan naira 20 ƙasa ɗaya ce ta haɗa labarinsu.

Sarki Sulaimanu Barau ya rasu a 1979, Cardew ya mutu a 1983. Ladi Kwali ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. An sa wa cibiyar Suleja sunanta, haka ma wani titi da wani babban zauren taro a Abuja. Ayyukanta na ajiye a gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan da na Smithsonian da ke birnin Washington. A watan Maris na 2022 kamfanin Google ya sa zanenta a shafinsa na farko don tunawa da ita, kuma a shekarar an yi wani baje koli a Landan da ya ɗora ta a kan gaba cikin mata baƙaƙen fata masu aikin yumɓu. Cibiyar Suleja kuwa ba ta da armashin da take da shi a zamaninta.

Abin da ya rage a ɗakunanmu

Labarin Ladi bai tsaya a ƙasar Gwari ba, domin tambayar da ke cikinsa ta shafi kowane gida: me muke ɗauka ya isa a jera a inda baƙo zai gani?

A ɗauki Haɗejiya da garuruwan da ke bakin koginta. Ƙasa ce ta fadama mai yumɓu, ga goruba da ake samun kabar saƙa tabarma da faifai, ga duman da ake fafe ƙwarya. Kakanninmu mata da waɗannan suke jere. Ƙorai masu zane a kife bisa juna, faya-fayai masu launi a rataye a bango, randa a kusurwa an rufe ta da faifai da moɗa a kai. Da shigar ɗakin mace za ka san ko ita wace ce, domin da yawa daga kayan ita ta saƙa, ko ita ta zaɓi zanen a wurin mai yi.

Daga baya tasoshi suka shigo, sai langa da fanteka da kwalla da samira, sai tangaran a cikin kabet. Yanzu zamanin furannin roba ne da kayan ƙyale-ƙyale daga Sin da Dubai. Kowane zamani da yayinsa, kuma ba laifi ba ne amarya ta so abin da tsararrakinta ke so. Illar ita ce ɗakuna sun koma kama ɗaya. Ka shiga goma a unguwa guda, labule ɗaya, fure ɗaya, agogo ɗaya, ba ka iya cewa wannan ɗakin wance ne. A ɗaya gefen kuma bokitin roba da firji sun rage wa maginiya ciniki, 'ya'yanta na ganin sana'ar ba ta da gobe. Sai wuta ta ɗauke a tsakiyar bazara ake tuna randa.

Sarkin Abuja bai kafa kwamiti ba, bai ware wani kasafi ba. Ya ga abu mai kyau da wata talakarsa ta yi da hannunta, bai ji kunyar sa shi a gidansa ba. Daga wannan zaɓin ne baƙo ya gani ya tambaya, daga tambayar aka samu ɗalibar da ta fi malaminta suna a ƙasar nan. Abin da mai gida ya ɗora a falonsa na iya zama abincin wani gidan, yana kuma iya zama dalilin da wata yarinya za ta ga sana'ar uwarta da daraja.

A yau masu kuɗi a Turai na rububin tulunan Ladi Kwali a wuraren gwanjo, yayin da takardar da ke ɗauke da hotonta da ƙyar take sayen alawa. Yawancinmu ba za mu taɓa mallakar tulu mai alamar LK ba. Amma ranar kasuwa, a can gefen da ake baje tukwane da kasake da asusu, har yanzu akwai matan da ke zaune a rana da abin da suka gina da hannunsu, wasu da zanen da ba za ka same shi a wani gari ba. Kafin 1950, a irin wannan layin ake samun tukwanen Ladi Kwali.